Motar Baba da Kaskon Mama

A garinmu, wanda ya gyara maka jikin mota da rani yana samun watanni na kwanciyar hankali kafin asirinsa ya tonu. Sama ba ta ɗigo ko kaɗan, rana ce kawai ke gasa mutane, don haka kowane aiki mai kyau ne matuƙar fenti yana sheƙi. Sai damina ta sauka ake sanin wanda ya iya aiki da wanda ya shafa fila, ƙullin nan na cike loɓa, ya bar sauran ga Allah.

Motar Baba tsohuwa ce ruwan toka, ta girme ni. Shi Baba Bakano ne, aikin gwamnati ya kawo shi Maiduguri yana saurayi, ya auri Mama, Babarbariya 'yar Mafoni, ya manta hanyar komawa. A Umarari suka yi gida suka haife mu. Bayan ya yi ritaya, motar nan ta zama ofishinsa. Kullum da safe zai goge ta, ya shiga, ya tafi inda babu wanda ya aike shi: gaisuwar mutuwa, dubiya, kasuwa don ya tambayi farashin abin da ba zai saya ba, sannan majalisar tsofaffin abokansa inda ake gyara ƙasa da baki har azahar.

Cikin watan zafi ne ya yi karo da keke napep ɗauke da buhunan albasa a wani shataletale. Babu wanda ya ji rauni sai albasa. Amma gefen gaba na motar ya loɓa, gilashin gaba ya tsage, har bakin rufin ya ɗan lanƙwashe. Da aka tambayi Baba yadda aka yi, cewa ya yi keken daga sama ya faɗo. Mai keken kuwa ya rantse da Allah a ƙasa yake tafiya tun safe.

Aka kai ta wajen wani mai gyaran jikin mota, fanal bita kamar yadda ake kiransu, wani gajeren mutum da bai taɓa jin wata magana a duniya ya ce da matsala ba. Ka ce masa mota ta rabu biyu, zai ce ba matsala. Ya bubbuga, ya yi walda, ya shafa fila, ya fesa fenti, aka sa sabon gilashi. Motar ta dawo gida gefe ɗaya ya fi ɗayan duhu, amma Baba ya zagaya ta yana jinjina kai, ya ce ai ta fi da kyau. Muka gyaɗa kai, domin a gidanmu za ka iya kushe girkin Mama ka kwana lafiya, amma ban da motar Baba.

Ruwan farko na wannan daminar ya same su a hanya, zai kai Mama gidan biki. Ta ci kwalliya, ta yafa sabuwar laffaya, tana ƙamshi tun daga zaure. Suna tsakiyar titi sai ta ji sanyi a ƙafa. Ta duba, ga ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashin dashbod, yana sauka daidai kan takalminta. Kafin su isa, gefen laffayar ya sha ruwa ya yi nauyi. Ta shiga gidan biki tana jan ƙafa, ta dawo gida a keke, ta sanar da duk wanda ke da kunne cewa ita da wannan randar sai dai a lahira.

Labarin bai kwana ba ya isa Maisandari, wajen Yaya, babban wanmu. Yaya ya daɗe yana so Baba ya daina tuƙi, tun ma kafin maganar albasa. Amma wa zai dubi idon Baba ya ce masa ya tsufa? Babu. Sai ga ruwan sama ya kawo masa hujja har gida. Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauka kan maganar.

"Baba, motar nan fa ta gama aikinta. Ruwa na shiga, sanyi zai kama ka. A sayar da ita kawai. Duk inda za ka, sai in turo a kai ka."

"A kai ni," in ji Baba. "Kamar buhun gero."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To ji nan. Motar da ke yoyo gyara ake yi mata. Idan damina ta ɗauke ban toshe wannan ɗigon ba, ka zo da kanka ka ɗauke ta, ka kai ta duk inda ka ga dama. Idan kuwa na toshe, kada ka ƙara kawo mini wannan maganar."

Yaya ya amince da saurin da ya ba ni haushi. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, a ranar na zaɓi ɓangare. Ni ce 'yar da ta ɗauko zuciyar Baba da taurin kansa, a motar nan ma ya koya mini tuƙi, kuma na san abin da Yaya bai so ya sani ba: ranar da aka raba Baba da motar nan, an zaunar da shi ke nan. Zai koma kan tabarma a zaure yana jiran a tuna da shi. Ina tsoron wannan ranar ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce wa Yaya a soro ya fara neman wani abin da zai sayar, wannan dai ba zai samu ba.

Washegari muka koma wajen fanal bita. Ya saurari bayani, ya ce ba matsala. Ya leƙa inda ruwan ke sauka, ya ɗauko silikon, wannan farin gam ɗin da ake matsawa da bindiga, ya dambara a wurin. Na tambaye shi ko nan ne ruwan ke shigowa, ko kuwa nan ne kawai yake fitowa. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mace idan ta yi magana a gareji, ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Da aka sake yin ruwa, ɗigon ya matsa gefe kaɗan ya ci gaba da harkarsa.

Daga nan aka ɗora laifin a kan robar ƙofa. Muka shiga kasuwa wajen wani Inyamuri mai sayar da kayan mota, wanda ya daɗe a garin har yana gaishe da Baba da wushe, gaisuwar Barebari. Ya fito da roba iri biyu, ya ce wannan orijinal ce, wannan kuma orijinal ce ta gaske. Baba ya ɗauki ta gasken. Aka sa, ƙofa ta koma sai an buga ta da kafaɗa take rufuwa, ruwa kuwa bai ma san an yi ba.

Karo na uku fanal bita ya fusata da motar kamar ita ta yi masa laifi. Ya bi ta da bindigar silikon, duk inda ya ga rami ya toshe. Har da 'yan ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofofi, waɗanda masu ƙera motar suka bari don ruwan da ya gangara ta gefen gilashi ya samu hanyar fita. Bayan ruwa na gaba, ƙofar Baba ta cika. Idan ya taka birki sai ka ji culum, idan ya sha kwana sai ka ji culum, kamar an ɗauko jarka ba a cika ta ba. Baba ya ƙara ƙarar rediyo.

Ni na kawo shawarar mu daina jiran sama, mu yi namu ruwan. Aka tare mai moya, wato mai sayar da ruwa a kura, aka saye kurar gaba ɗaya. Na shiga mota da tocila, aka rufe ni, aka ce ya zuba. Bawan Allah bai san ana zubawa a hankali daga ƙasa zuwa sama ba, mu ma ba mu sani ba. Ya ɗaga jarka ya juye a rufi gaba ɗaya, ya ɗauko wata. Kafin in kunna tocilar, ruwa ya riga ya sauka a inda ya saba, ni kuma ina ciki ina gumi, ina ihu a dakata, babu mai ji. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce gilashin ne, wani ya ce inji ne ke zufa, wani dattijo ya ce shi dai a ganinsa tun da aka zubar da albasar mutane ba a nemi yafiya yadda ya kamata ba. Aka tashi da wankakkiyar mota da jiƙaƙƙen kafet.

Kafet ɗin nan shi ya jawo Mama cikin yaƙin. Ita babu ruwanta da wanda zai yi nasara tsakanin mijinta da ɗanta. Amma danshi ya zauna a motar, fumfuna ta fara fitowa, wari ya soma tashi har yana leƙowa tsakar gida idan an buɗe ƙofa. Macen Barno kuwa za ta iya zama da talauci, da ciwo, da miji mai gardama, amma ba za ta zauna da wari ba. Mama tana da kwalabe na turaren wuta da ta haɗa da hannunta, ka'aji take ce masa, kowanne da ranar da ake kunna shi. Akwai na baƙi, akwai na Juma'a, akwai wanda ba a taɓawa sai za a aurar da 'ya.

Wata ranar da la'asar, Baba yana ɗaki, na fito na tarar da ita a gindin dogon yaro inda ake ajiye motar. Ta shimfiɗa faranti a ƙasan kujerar gaba, ta zuba yashi, ta ɗora kasko cike da garwashi, ta barbaɗa turare da hannu sake. Na ce, "Mama, fetur fa ke cikin motar nan." Ta ce fetur ɗin yana baya, ita tana gaba. Sannan ta ɗaga gilasai duka, ta buga ƙofa da kafaɗa. Haka take turara tufafi: a ɗora su a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko, a lulluɓe ruf, a bar hayaƙi ya shiga kowane zare. A wajenta mota ma babban zane ce kawai.

Muka tsaya muna kallo, ni ina shirin gudu idan ta kama. Cikin motar ya yi fari fat, ko sitiyari ba a gani. Iska ta kwanta a ranar, ganye ko motsi ba ya yi. Can sai Mama ta taɓa hannuna.

"Ke, wa ya ce turarena ya fita?"

Na bi yatsanta da ido. A saman gilashin gaba, can kusurwa, inda rufi ya haɗu da ginshiƙin ƙofa, wani siririn hayaƙi ke fitowa, fari, miƙe kamar zaren ɗinki. Nesa da inda muka yi ta dambara gam. Na buɗe ƙofa da sauri, na murɗa makulli, na kunna fanka don ta tura hayaƙin, na sake rufewa. Zaren ya yi kauri. Babu wani wuri a duk jikin motar da ke fitar da komai sai nan, don fanal bita ya riga ya toshe sauran da hannunsa mai albarka.

Na ruga ciki ina kiran Baba kamar an yi haihuwa. Ya fito ba hula, yana gyara tabarau. Na tsayar da shi a gaban motar, kusa sosai, na ce, "Baba, ga ɓarawon. Duba can!"

Ya duba. Ya ce, "Eh, lallai. Na gani." Ya miƙa hannu da ƙarfin gwiwa ya ɗora yatsa a kan gilashin, a tsakiya, inda babu komai sai kashin tsuntsu.

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Na ce, "A'a Baba, can sama, kusurwa." Ya matsar da yatsan, ya sake sauka a inda ba nan ba. Hayaƙin yana tashi a gabansa, fari a kan fenti mai duhu, ga rana ba ta ko faɗi ba, abin da yaron goye zai nuna. Na daina dariya. Na dubi Mama. Ita ba motar take kallo ba, ƙasa take kallo, kuma a fuskarta na gane ba yau ta sani ba.

Na kama hannunsa na kai shi wurin. Ya bar yatsan a nan, ya sunkuyo da kai ya shaƙa. "Na Juma'a ta ƙona mini," ya ce. "Nan ne kuwa." Ya juya ya koma ciki. Mama ta fito da kaskonta.

Gyaran kansa bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Muka nuna wa fanal bita wurin, ya ce dama shi tun farko nan yake zargi. Aka cire gilashin, aka kankare fila, sai ga inda waldarsa ta tsallake, tsaga siririya da ƙyar farce zai shiga. Ta nan ruwan ke shiga, ya bi ta cikin ginshiƙi ya gangara, ya ratsa bayan dashbod, sannan ya fito a ƙafar Mama kamar shi ne garinsu. Ya sake walda, ya shafe haɗin da gam ɗin da ya kamata, aka mayar da gilashi da sabon liƙi. Na tsaya a kansa sai da ya buɗe hudojin ƙofa. Da ya zura waya ya huda na farko, ruwan wata guda ya feso masa a takalmi, baƙi, mai wari. Ban taɓa jin daɗin ganin jiƙaƙƙen mutum irin na ranar ba. Aka fitar da kafet aka shanya a kan katanga, da ya bushe aka mayar.

Saura gwaji, sai sama ta ƙi. Hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya tayar da iska ya kwashe wa mutane shanya, sannan ya watse. Baba ya koma mai duban hadari, kullum yana tsakar gida kansa a sama. Yaya yana bugo waya yana tambayar lafiyar mota da muryar mai jiran gado. Ni kuwa na rasa abin da nake so. Na yi ta faɗa don Baba ya riƙe motarsa, ga shi muna gab da nasara, kuma duk lokacin da ya tayar da ita ya fita sai in yi ta leƙen ƙofar gida har ya dawo. Na yi niyyar yi masa magana ya fi a ƙirga. Da na buɗe baki sai in tambaye shi ko zai sha shayi.

Ranar da ruwan ya zo, da azahar ya zo, irin mai ƙarfin nan da ke mayar da layinmu kogi. Baba ya ƙwala mini kira, muka ruga da buhu a ka muka faɗa cikin motar, shi a mazaunin direba, ni a gefe. Ba mu tayar da ita ba. Ruwa yana dukan rufi har ba ma jin juna sosai. Na cire takalmi na sa tafin ƙafa a kafet. Na zura hannu ƙarƙashin dashbod, na shafa ginshiƙi daga sama har ƙasa, na sake shafawa. Shi ma ya miƙo hannu yana lalube. Muka daɗe a haka, kamar masu neman allura.

"Ya ake ciki?" ya ce.

"A bushe, Baba. Ƙayau."

Ya buga sitiyari da tafin hannu, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce a gaya wa mutumin Maisandari ya zo ya ɗauki motar in ya isa. Muka yi ta dariya har gilasai suka yi gumi. Sannan ya ɗora hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon ruwan da ke gangarowa a gabansa.

"Kin gaya wa yayanki?"

"Me, Baba?"

"Kin san me. Hayaƙin."

Na ce ban gaya masa ba.

"Kada ki gaya masa. Ki ce mota ta gyaru, shi ke nan. Mun yi magana da shi a kan ɗigo, kuma ɗigo na toshe."

Na ce to. Ruwan ya fara sassautawa, ya koma yayyafi. Ya ce mu je Maisandari yanzu-yanzu, tun titi bai bushe ba, don Yaya ya taɓa kafet ɗin da hannunsa. Na fara haɗa kalmomin da na kasa faɗa tun ranar kasko, ina neman ta inda zan fara. Sai na ji ya buɗe ƙofarsa. Ya fita cikin yayyafin, ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet, ya zo ya buɗe tawa ƙofar.

"Matsa can," ya ce. "Daga yau ke ce direba. Mota dai tawa ce, ki riƙe wannan."

Na tsallaka sandar giya na zauna a mazauninsa. Kujerar da ɗuminsa, makullin yana jiki. Ya shiga ya zauna inda na tashi, ya ja ƙofa ba ta rufu ba, ya sake ja da ƙarfi. Na kama sitiyari, na kasa murɗa makullin, hawaye suka zubo mini ba shiri. Ban san ko ya gani ba, ko dai jan hancina ya ji.

"Ke, kada ki jiƙa mini mota," ya ce. "Yanzu aka gyara ta."

Na share fuska da gefen mayafi, na tayar da ita, muka fita layi a hankali. Har muka isa yana gaya mini inda zan taka birki.